Wanda Ya Zo da Ƙafa Biyu Ya Koma da Ɗaya

Matan da ke zuwa tsinkar tumatir su suka fara ganinsa. Ranar Talata ce, rana ba ta gama fitowa ba. Wata mai suna Sa'a ce a gaba da kwando a ka, sai ta hango farar riga ta maƙale a ƙarfen da ke tare ciyawa, ƙasa da ƙofar ruwa. Ta ɗauka wankin wani ne ruwa ya ƙwace. Sai da ta sunkuya ta ga hannu.

Kafin a ce haka, duk Kwarin Ɗinya ta fito bakin kanal. Ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure wanda ba shi da wani arziki sai noman rani, kuma mutumin da aka ciro daga ruwan shi ne Malam Abdulsamad, mai riƙe da makullin ƙofar ruwa shekara goma sha ɗaya. Idan bazara ta yi tsanani ruwa ya ja baya, shi ke raba wa kowane layin gonaki ranarsa. Ba a taɓa jin ya ƙara wa wani ko awa ɗaya ba. Ga shi yanzu a kwance, ƙeyarsa a fashe, kwaɗon ƙofar kuwa an ci rabinsa da zarto.

Sammani ya iso yana haki. Dattijo ne mai shekara sittin da wani abu, bin sawu gadonsa ne. A da shanu yake nemo wa mutane, yanzu injinan ban ruwa ne aka fi sacewa. Bai tsaya wajen gawar ba, don ya san idan ya kalli fuskar abokinsa, idonsa ba zai ƙara ganin ƙasa ba. Ya ja layi da sandarsa ya ce, "Don girman Allah kada wanda ya tsallake nan."

Ya daɗe a durƙushe. Ƙasar gefen kanal tana da danshi, ta riƙe komai. Mutumin ya ajiye babur a bakin burji, ya tako cikin takalmin ruwa irin wanda kowa ke sawa, takunsa daidai, ba sauri. A kan bangon kankaren kanal ɗin ba a ganin sawu. Amma a ƙasan bangon ta ɓangaren gona, inda tsayin ya kai mutum ɗaya da rabi, akwai wurin da abu mai nauyi ya faɗo, ga shaidar gwiwa da tafin hannu biyu. Daga nan tafiyar ta sauya. Hagu tana nitsewa, dama tana taɓa ƙasa kamar mai taka wuta. Sawun ya zagaya zuwa bakin ruwa, ya tsaya, sannan ya juya ya nufi burji. Sammani ya ƙirga taku ɗari uku da goma sha biyu.

Dagaci ya tambaye shi, "Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, mutumin ya zo da ƙafa biyu, ya koma da ɗaya. Dama ce ta lalace."

Bai rufe baki ba wani ya ce, "Mudassiru!" Sai sunan ya kama kamar wutar kara.

*

Mudassiru yana noma a can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa a gajiye. Shan inna ya taɓa masa ƙafar dama tun yana goye. Ranar Lahadi, a ƙofar masallaci, gaban kowa, ya ce wa marigayin, "Wallahi wata rana sai an tsinci mutum a kanal ɗin nan." Yau da aka ambaci sunansa, da ƙyar dogarin dagaci ya ƙwato shi daga hannun samari, an riga an fasa masa baki.

Bayan an dawo daga maƙabarta Sammani ya same shi a zauren dagaci.

"Ka faɗi maganar nan?"

"Na faɗa, Baba. Albasata ce ke ƙonewa. Baki ne kawai, wallahi baki ne."

"Tashi ka taka min nan."

Ya sa aka watsa ruwa a tsakar zauren. Mudassiru ya taka. Ƙafarsa ta dama ba ta gudun ƙasa, sharar ta take yi, tana zana rabin da'ira a kowane taku.

Sammani ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan ya saba da ƙafarsa shekara talatin. Wancan kuwa a safiyar nan suka fara sabawa da juna."

Dagaci ya leƙa waje inda taron ke ta ƙaruwa, ya girgiza kai. "Ni na yarda. Su fa? Ba za su saki wannan ba sai ka ba su wani."

Da la'asar 'yan sanda suka tafi da Mudassiru. Matarsa ta bi motar da gudu har burji, goyonta yana tsala kuka.

*

Ranar Laraba Sammani ya wuni yana neman sabon ciwon ƙafa. A lissafinsa targaɗe ne, don wanda ƙafarsa ta karye ba ya taku ɗari uku, balle ya hau babur. Ya je wajen mai kemis, bai sami komai ba. Ya je wajen Nasiru maɗori, wanda ya ce, "Mutum ɗaya na gyara jiya. Ibrahimu ɗan dako. Dama ce kuwa."

Ibrahimu na ganin Sammani ya fara rantse-rantse. Ya ce a gida ya gurɗe. Da aka matsa masa ya ce a masallaci. Sai da Sammani ya ambaci 'yan sanda sannan gaskiya ta fito: Ibrahimu ya gudu daga gonar maigidansa ya tafi lodin tumatir a Kadawa, can ya zamo daga kan mota a gaban mutum ashirin. Sammani ya ɗauki acaɓa har Kadawa, direban motar ya tabbatar. Banda haka ma, ƙafar Ibrahimu ba ta kai sawun bakin kanal tsawo ba da yatsa biyu.

Ya dawo gida bai iya cin tuwo ba.

*

Ranar Alhamis aka dawo da Malam Musaddiƙ daga birni. Ƙanen marigayin ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare, kuma sakataren ƙungiyar manoman rani. Tun ranar Talata labarinsa ya iso: ya fita da asuba a babur zai sayo maganin feshi a Kano, mota ta buge shi kusa da Tamburawa ta gudu. Bai sami jana'izar yayansa ba. Mutane suna ta cewa, "Gida ɗaya, musiba biyu, rana ɗaya. Allah Ya sa kaffara ce."

Sammani ya je dubiya da ta'aziyya a haɗe. Ya tarar da ɗakin cike. Musaddiƙ na jingine da bango, ƙafarsa ta dama a naɗe da farin simintin asibiti, idanunsa sun kumbura.

"Ƙasusuwan duka biyu ne suka kakkarye," yake gaya wa masu dubiya. "Ko motsi ban iya ba, ɗaukata aka yi kamar buhu. Babur ɗin yana can wajen makanike. Ni da a ce ni na tafi aka bar Yaya..." Sai kuka ya ƙwace masa.

Ana ta miƙa wani babban ambulan daga hannu zuwa hannu. Hoton ƙashi ne a ciki, kowa ya zaro ya ɗaga wa hasken taga, ya yi salati, ya miƙa gaba. Da ya zo hannun Sammani, ya ɗaga shi ma. Ƙashi biyu ne a jere, ɗaya kakkaura, ɗaya siriri a gefensa. Ya bi kakkauran da ido daga sama har ƙasa bai ga ko tsaga ba. Siririn ne kawai ya rabu.

"Malam, babban kamar lafiyarsa ƙalau."

Musaddiƙ ya share hawaye. "Hoton biyu ne, Baba Sammani. Ɗayan yana hannun likita."

"Allah Ya sawwaƙe."

Wani mugun tunani ya ɗarsu a zuciyar Sammani. Ya kori tunanin, tunanin ya dawo. A bayan ambulan ɗin an maƙala 'yar takarda, an cike ta da biro. Shi bai yi boko ba, lambobi kawai ya sani saboda waya. Amma a ƙasan takardar akwai layi biyu gajeru, ya zuba musu ido yadda yake zuba wa sawu, har suka zauna masa a kai.

*

Fa'iza ita ce babbar 'yar marigayin. A wani asibiti take aiki a birni, a ofishin da ake ajiye bayanan marasa lafiya. Ta zo zaman makoki tun ranar Talata. Sammani ya aika aka kira ta soron gidan, ta fito da jan ido, ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yata, ki yi haƙuri da ni. Mahaifinki ya taɓa ce min aikinki lambobi ne. Wane irin lambobi?"

"Baba Sammani, kowace cuta da lambarta. Idan likita ya gama rubutunsa sai a kawo mana fayil, mu karanta, mu mayar da shi lamba. Littafi ɗaya ake bi, ko a Kano ko a Makka."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Ya zana wani harafi mai lanƙwasa kamar maciji, ya bi shi da takwas, biyu, ɗigo, huɗu. A ƙasa ya zana wani mai kama da haƙoran zarto, sannan ɗaya, bakwai, ɗigo, bakwai.

Fa'iza ta sunkuya. Aiki ya ɗan janye ta daga baƙin ciki, muryarta ta daidaita.

"Na saman nan, S82.4, karaya ce a ƙwauri. Amma siririn ƙashin ne kaɗai, wanda ke ta waje. Da babban ne ya karye, ko duka biyun, ba huɗu za a sa a ƙarshe ba."

"Mai irin wannan karayar yana iya takawa?"

"Sosai ma. Babban ƙashin ke ɗaukar nauyin mutum. Akwai masu zuwa asibiti da ƙafarsu, suna ɗingishi, suna cewa targaɗe ne."

"Taku ɗari uku?"

"Idan ya cije, har fiye."

"Na ƙasan fa?"

"Wannan ba ciwon ba ne, sanadin ciwon ne. W17 faɗuwa ce daga tudu zuwa ƙasa. Bakwai ɗin ƙarshe wuri ne, gona ke nan. Wato mutum ya faɗo daga wani abu mai tsayi a gona."

"Ba haɗarin babur ba?"

"A'a. Duk haɗarin hanya da V yake farawa, ba da..."

Ta tsaya. Ta kalli zanen, ta kalli Sammani. Ya ga lokacin da abin ya shige ta.

"Baba Sammani, mutum ɗaya ne a garin nan ya dawo daga asibiti."

Ya ajiye tsinken.

"A'a. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A'a! Baffa ne fa ya kai ni makarantar koyon aikin nan da kansa, a bayan babur ɗinsa. Ko ka yi kuskuren lamba? Ka sake dubawa, don Allah ka sake dubawa."

"Ina roƙon Allah Ya sa na yi kuskure. Takardar tana nan a ɗakinsa. Zan nemo wani daga birni ya karanta, ba sai ke ba."

Hawayenta suka ɗiga a kan zanen. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Ubana ne. Ni zan karanta."

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dagaci ya tara su a zaurensa. Sufeton 'yan sanda ya zo da Mudassiru. An kira Ibrahimu da Nasiru maɗori. Malam Musaddiƙ kuwa an ce masa ana bukatarsa a matsayin sakataren ƙungiya kuma wakilin mamaci, aka kawo shi a kan kujera. Sammani ya roƙe shi ya taho da ambulan ɗinsa, wai sufeto zai taimaka a nemo motar da ta buge shi. Jama'a sun cika ƙofa har kan katanga.

Sammani ya tsaya a tsakiya. "Ranka ya daɗe, mutum uku ne a garin nan da ciwon ƙafar dama. Mudassiru da tasa aka san shi. Ibrahimu a Kadawa ya samo tasa, da shaidu ashirin. Saura ɗaya."

Zauren ya ɓarke da hayaniya. Wani tsoho ya ce, "Sammani, ka ji tsoron Allah! Mutumin da ke makokin ɗan'uwansa?"

Musaddiƙ ya yi murmushin takaici. "Ku ƙyale shi, tsufa ne. Ga takardata nan, Sufeto. Ka iya Turanci, karanta. Sunana ne, da ranar, da karaya. Ka nuna min inda aka rubuta kanal."

Sufeto ya juya takardar, ya ɗaga kafaɗa. "Gaskiya ban ga wani abu ba."

"A ba ni."

Fa'iza ce a bakin ƙofa. Aka dare mata hanya. Musaddiƙ ya ɗago, murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Fa'iza, me ya kawo ki cikin maza? Koma gida."

Ta karɓi ambulan ɗin da hannu biyu. Ta dubi ƙasan takardar, ta rufe ido, ta buɗe. Sammani ya gane bai yi kuskure ba, kuma bai taɓa baƙin cikin daidaitar idonsa ba sai ranar.

Ta yi bayani a hankali, yadda kowa zai gane: lambar farko siririn ƙashi kaɗai, wanda ake iya takawa da shi. Ta biyu faɗuwa daga tudu, a gona. Babu babur, babu mota, babu titi.

"Kuskuren ma'aikata ne," in ji Musaddiƙ da sauri. "Ke kanki kin san kuna kuskure."

"Muna yi, Baffa. Amma ba ma ƙirƙira. Abin da majiyyaci ya gaya wa likita shi likita ke rubutawa, shi muke mayarwa lamba. Fayil ɗin yana can da rubutun likitan. Sufeto zai iya nema a hukumance."

Sufeto ya ce, "Yau ɗin nan ma. Kuma ka ba ni sunan makaniken da babur yake wajensa."

Gumi ya keto wa Musaddiƙ. Ya dubi dagaci, ya dubi liman, ya dubi mutanen da ya koyar da 'ya'yansu karatu. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Azaba ce ta ishe ni," ya ce da ƙaramar murya. "Likita ya ce in gaya masa yadda na faɗi don ya san inda zai duba. Ban san ana rubutawa ba."

Salati ya tashi daga zauren har waje. Liman ya zauna daɓas a ƙasa. Mudassiru ya fashe da kuka kamar yaro.

"Shinkafata ta ɗauki ciki," Musaddiƙ ya ci gaba, kamar da kansa yake magana. "Kwana uku kawai take bukata, ranar layinmu kuwa sai bayan kwana shida. Na roƙe shi har sau uku, ya ce idan ya buɗe wa ƙanensa da wane ido zai kalli Mudassiru. Na je da zarto bayan sallar asuba, ashe ya biyo ni. Ya riƙe min hannu, na fizge. Wallahi fizgewa kawai na yi. Shi ya faɗa ta ruwa, ni na faɗo ta gona. Tsautsayi ne, jama'a, tsautsayi ne!"

Wasu suka fara gyaɗa kai, don zuciya tana neman inda za ta huta. Sammani ya so ya yi shiru. Amma ƙasa ta gaya masa abu, kuma bai taɓa ɓoye abin da ta gaya masa ba.

"Ranka ya daɗe, da saura. Bayan ya faɗo bai nufi babur ba. Ya zagaya bakin ruwa, ya tsaya yana fuskantar ƙarfen da aka tsinci Malam Abdulsamad. Sawun hagunsa ya nitse a wurin har idon sawu. Ba a nitsewa haka sai an daɗe a tsaye. Tsakaninsa da ƙarfen bai fi tsawon sandar nan tawa ba."

Fa'iza ta matso har gaban kujerar, ta durƙusa yadda ta saba durƙusa masa tun tana ƙarama.

"Baffa, da ransa lokacin?"

Musaddiƙ ya kau da kai.

"Baffa, ka dube ni. Ya yi magana?"

"Ya riƙe ƙarfen da hannu ɗaya," ya ce. "Na ga idan na ciro shi, gari zai ji abin da na je yi. Na ce bari in ɗan yi tunani. Ina cikin tunanin..."

"Me ya ce?"

"Ya ga ina ɗingishi. Cewa ya yi, 'Ƙanena, ka ji ciwo ne?'"

Fa'iza ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ambulan ɗin a kan cinyarsa, ta miƙe, ta juya. Taku biyu ta yi, Sa'a da wasu mata suka shigo da gudu suka tare ta.

Sufeto ya kwance ankwa daga hannun Mudassiru. Samarin da suka fasa masa baki ranar Talata suna tsaye a ƙofa, ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya ɗaga murya. Da aka zo fita da Musaddiƙ sai aka rasa mai kama kujerar. Dagaci ya kira sunan mutum huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. A ƙarshe Musaddiƙ da kansa ya dafa bango ya miƙe, ya taka zuwa motar, jama'a na matsawa baya kada rigarsa ta taɓa su.